Ɗari da Ɗaya

Dinya sun sauka a fadamar Ellick da hantsi, gungu bayan gungu, har ciyawar ta koma ruwan toka kamar an shanya tsofaffin barguna. Hedley Dodds yana zaune a cikin rumfar katako, madubin hangen nesa a idonsa, fensir a bayan kunne. Shekara ashirin da biyu ke nan, tun yana tuƙa bas, yake zuwa nan Lahadi ɗaya a kowane wata na hunturu. Yakan ƙirga su, ya rubuta adadin a kati, ya aika wa ƙungiyar masu kula da tsuntsaye.

"Nawa ka samu?" in ji Cuddy Purvis, tsohon masunci, abokinsa tun suna firamare. Ya biyo shi yau da filas ɗin shayi, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka yi shiru mana, za ka ɓatar da ni."

"Ni daga nan ma na gama tawa ƙidayar. Ɗari da ɗaya ne."

Hedley ya ci gaba da ƙidayarsa. Haka mutanen Ellick suke, duk abin da ya yi yawa ɗari da ɗaya ne. Ko da safiyar nan sai da matarsa Enid ta ce tana da aiki ɗari da ɗaya, ya tashi ya ba ta wuri. Mai shago yana da dalili ɗari da ɗaya na rashin kawo burodi da wuri. Cuddy kuwa ya taɓa faɗawa teku sau ɗari da ɗaya, kuma duk sau ɗari da ɗayan shi ya ceci kansa.

Abin ya daɗe yana ba Hedley mamaki. Me ya sa ba ɗari cif ba? Wa ya fara ɗora wannan guda ɗayan a kai, kuma me ya gani? Ya taɓa tambayar Enid tana fere dankali.

"Ɗayan kai ne, tsoho," ta ce ba ta ko ɗago ba. "In na gama ɗarin sai in juyo kanka."

Bana dai ƙidayar ba ta wasa ba ce. Wani kamfani yana son ya cike fadamar ya gina gidajen 'yan hutu. Majalisar gunduma ta ce za ta dubi katin watan Janairu: in dinya sun kai dubu, wurin nasu ne, in ba su kai ba, a kawo motocin ƙasa. Katin Janairu kuwa shi ne wanda ke kan gwiwar Hedley.

Yana da ƙa'ida wadda wani tsohon malamin makaranta ya koya masa. Ana farawa idan ruwan teku ya cika, lokacin da tsuntsayen ba su da wurin zama sai fadama, a gama cikin awa ɗaya. Ba a bin su ɗaya-ɗaya, don ba sa tsayawa. Sai ka ƙirga goma, ka riƙe girmansu a ido, ka riƙa aza wannan girman a kan sauran, goma-goma, har ƙarshen gungu. Ka yi haka sau uku, ka ɗauki na tsakiya.

Ya gama zagaye na farko, ya rubuta a gefen littafinsa: ɗari tara da arba'in. Na biyu ya ba shi ɗari tara da saba'in. Ya goge madubin da gefen rigar sanyinsa, ya hura hannuwansa, ya sake farawa daga bakin shinge. Wannan karon dubu da goma.

Cuddy ya leƙo ta kafaɗarsa, ya buga cinya. "Shi ke nan! Ga shi nan da hannunka. Dubu da goma. Rubuta mu tafi, ƙafafuna sun daskare."

"Na tsakiya ake ɗauka."

"In ji wa?"

"In ji ni. Haka nake yi tun farko."

"Haba mutumina! Su ukun nan duk kai ka ƙirga su, ba wani ba. Wanne ne ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To, ka zaɓi wanda zai yi mana amfani mana. Kai da kanka ka ce goma-goma kake yi da ido. Ai kintace ne. Bambancinka da Enid fensir kawai."

Maganar ta shige shi. Ya ajiye madubin, ya karɓi shayin da Cuddy ya miƙo, ya riƙe kofin da hannu biyu. Gaskiya ne, bai taɓa sanin ainihin yawan dinyar nan ba, ko sau ɗaya. Mai yiwuwa dubu da goman ce daidai. Mai yiwuwa sun fi haka, wasu na bayan ciyawa. Ya juya abin a ransa, ya ga inda ya bambanta. Idan Enid ta ce ɗari da ɗaya, ba wanda zai je ya duba, don kowa ya san nufinta: da yawa, kuma ban ƙirga ba. Adadin ba daidai ba ne, amma bai ruɗi kowa ba. Shi kuwa in ya rubuta dubu da goma, adadin yana kusa da daidai, sai dai wata mata a ofis da bai taɓa gani ba za ta ajiye shi kusa da katunansa na baya, ta ɗauka hanya ɗaya aka bi.

"Cuddy, da a ce kamfanin ne ya aiko mutum ya zauna nan, ya ce in ɗauki ɗari tara da arba'in fa?"

"Da na jefa shi cikin taɓo."

"Ai shi ma ƙidayata ce."

"Kai dai tun kana yaro kake da wannan ciwon. Ana ba ka alewa kana tambayar wa ya biya." Cuddy ya rufe filas da ƙarfi. "Talatin fa, Hedley. Saboda tsuntsu talatin za a zuba siminti a nan. Baɗi me za ka zo ka ƙirga? Motocin 'yan birni?"

Hedley ya dubi agogo. Saura minti shida awa ta cika. Ya ɗaga madubin ya bi sararin arewa, ya bi bakin teku, ya dawo. Babu abin da ke tafe sai gajimare. Ya jira har awar ta cika, ya ƙara mata minti ɗaya, abin da shi ma bai taɓa yi ba, ya ji kunyar hakan. Sannan ya zaro fensir ya cike akwatin da ke tsakiyar katin: 970. A ƙasa, inda aka bar layi biyu don ƙarin bayani, ya rubuta adadin zagaye ukun duka da ƙananan haruffa, ko da yake ya san ba lalle a karanta wurin ba.

Suka fito suka bi hanyar ƙauye, Cuddy a gaba da taku uku. A bakin coci akwai jan akwatin gidan waya. Hedley ya tsaya, katin a hannu.

"Sai gobe za a kwashe," in ji Cuddy, bai waiwayo ba. "Ka kai gida ka kwana da shi."

"In na kwana da shi zan canja adadin."

Ya tura katin. Suka ji saukarsa a ƙasan akwatin.

Ba su kai shagon burodi ba suka jiyo kuka daga sama. Wani sabon gungu ne ya ɓullo ta bayan hasumiyar coci, a jere kamar bakin mashi, ya yi ƙasa-ƙasa ya nufi fadama. Su biyun suka tsaya a tsakiyar titi, kawuna a sama, har na ƙarshe ya ɓace a bayan itatuwa.

"Nawa ne?" in ji Cuddy a hankali.

"Ban ƙirga ba."

"Na ga bakinka yana motsi."

Hedley ya gyara igiyar madubin a wuyansa, ya tura hannuwa cikin aljihu.

"Sittin da huɗu," ya ce.