Ruwan da Ya Yi Ƙaura

Idon ruwan da ke gindin farin dutse bai taɓa ƙafewa ba sai da ɗan Mai Lambu ya yi masa katanga. Yaron magini ne, sabon hannu. Ƙauyen tudu da ƙauyen gangare suka ba shi aikin don shanu su daina ɓata ruwan sha. Ya ja katanga har ƙirji, ya sa bututu can sama. Ruwa ya taru, aka yi ta murna. Ba a jima ba ido ya rufe ruf.

Abinci ya gagari Mai Lambu. Tumatirinsa na bushewa, amma ba shi ke cin ransa ba. Mata kan wuce ƙofarsa da jarkoki wayam suna cewa, "Sannu, baban mai makantar da ido." An kuma yanke cewa ko akurkin kaji ba mai sake ba yaron ya gina.

Wata safiya ya zagaya bayan dutsen, sai ƙafarsa ta nutse a gindin ɓaure, inda bai taɓa ganin laima da rani ba. Ya damƙi ƙasar ya matse, ruwa ya ɗigo. Da gudu ya koma gida.

"Tashi, ɗauko gudumarka! Bai mutu ba, ƙaura ya yi."

"Wa ke nan, Baba?"

"Ruwan mana! Ka kai bututu sama, ruwan da ya taru ya danne idon, shi kuwa ya nemi wata ƙofa."

"Yanzu in fasa aikina a gaban mutane?"

"Fasa, ɗana. Ina bayanka."

Jama'a suka taru. Wani mahauci ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku zo ku ga magini ya koma mai rusau!"

Yaron ya huda katangar daga ƙasa. Tsohon ruwa mai gansakuka ya kwarare, sai shiru. Mai Lambu ya ƙura wa wurin ido. Can sai yashin gindin dutse ya motsa kamar tukunya za ta tafasa, ruwa garau ya ɓullo, ya bi sabuwar kafa yana gudu.

Mata suka yi ca da jarkoki. Mahauci ya matso yana sosa ƙeya.

"Magini, rumfata fa tana son gyara."

Mai Lambu ya kurɓi ruwa a tafin hannu, ya goge gemu.

"Sai ka bi layi. Kai kuma, ɗana, mu je gida, yunwa nake ji."