Zaren Kala

A Gozaki kowa ya san hannun Barakatu a kaɗi. Zarenta siriri ne, ba ya tsinkewa, kuma duk masaƙin da ya taɓa aiki da shi sai ya riƙa yi wa na sauran mata kallon raini. Mijinta, Malam Maharazu, masaƙi ne, manomi kuma, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ta harare shi sai ya ba ta hanya.

Shekarar da ake zance, 'yancin kai bai daɗe da samuwa ba, auduga ta yi kyau ƙwarai. Barakatu ta ware wadda za ta ishe ta kaɗi ta zuba a rumbu, domin akwai alkawari a kanta. Afusat, 'yar wasu fatake Yarbawa, haihuwar Funtua, wadda Hausa ta zauna a bakinta daram, ta zo har gida ta ce tana son zannuwan saƙi, irin masu baƙin rini, kafin damina. A jirgin ƙasa za ta sa su zuwa Ibadan, inda mata ke rububinsu don biki.

"Inna, in kika cika mini wannan, duk shekara ƙafata na nan," in ji Afusat. "Kuma ba ke kaɗai ba, har matan unguwarku."

Sai ga Aƙilu, ɗan kamashon da ke awon auduga a fuloti, wato kasuwar auduga ta hukuma, ya shigo gari da sabon keke da sabuwar magana. Wai duk gidan da ya ɓoye auduga don kaɗi ba zai ga irin shuka ba bana. Wa ya ba shi wannan iko? Oho. Ba wanda ya tambaya, don mutanenmu da sun ga alƙalami a aljihun riga sai su bi ba musu.

"Barakatu, mu kai musu kawai," in ji Maharazu. "In babu iri mi za mu shuka?"

"Malam, su kwashe ta a araha, su kai can masana'antarsu, su dawo mana da ita yadin akoko mu saya da tsada? Ga hannu gare ni, ga masaƙa gare ka. Ba ta fita daga rumbun nan."

Ya tashi ya koma zaure, ita kuwa ta ɗauka maganar ta mutu. Ranar da ta tafi suna a Danja, ya ɗora audugar kan jakuna ya kai fuloti. Da ta dawo ta leƙa rumbu, babu komai sai 'yan zare-zare da suka maƙale a bango. Abin ya yi mata ciwo sosai, ba don audugar kaɗai ba, don ya jira ta juya baya ne. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta dafa tuwo ta ajiye masa, ta ɗauki kwandonta ta shiga gidan maƙwabciyarta Ladidi.

A ƙasar nan, in mai gona ya gama tsinkar audugarsa, abin da ya rage a jikin kara na mai kala ne. Ba a hana shi, ba a tambayarsa. Galibi ba mai damuwa da wannan audugar, domin ta sha rana ta yi jaja-jaja, sikeli ba ya karɓarta, da ita ake haɗawa a ƙone in an tuge kara. Ita Barakatu ta ce wa Ladidi su je su tsinto su kaɗa.

"Wannan dattin za mu kaɗa?" Ladidi ta tambaya. "Wa zai sayi zane mai tabo?"

"Saƙi Afusat ta ce tana so, ba fari ba. In zare ya shiga marina ya sha baba, ki nuna mini tabon."

Da safe su biyu suka fita. Kafin mako ya zagayo, matan unguwa sun bi su, har da tsofaffin da suka ce ƙugu ya hana su ruku'u. Gona bayan gona suke bi, kara na yagar musu hannu, suna tsinta suna yi wa juna tsiya.

Labari ya kai kunnen Aƙilu. Ya zo ya jingine kekensa a bakin gonar wani manomi, Mudi, inda matan ke kala, ya dubi Barakatu, ya ce lokacin ƙona kara ya yi, kowa ya fita.

"Inna, abin da kuke yi ɗin nan zagon ƙasa ne ga fuloti."

"Yaro, wadda ka ce ba ta kai sikelinka ba ita muke tsinta. Ko ka sake shawara kana so?"

"Yau za a sa wuta."

"To ku sa. Muna ciki."

Barakatu ta sunkuya ta ci gaba da tsinta. Aƙilu ya dubi Mudi, Mudi ya dubi uwarsa da ke tsakiyar gonar da kwando a ka, ya mayar da ashanarsa aljihu. Ran nan ba a ƙona komai ba, kashegari ma haka, sai da mata suka ce sun gama.

Daga nan aiki ya koma tsakar gida. Aka gurje, aka shiɓe, mazari ya yi ta juyawa har yatsun Barakatu suka tsattsage. Audugar kala gajeren gashi gare ta, tana da gardama, sau da yawa ta so ta yi jifa da ita. Amma da zaren ya dawo daga marinar Manu, baƙi wuluk yana sheƙi, Ladidi ta juya shi ta sake juyawa ba ta ga tabo ba.

Duk wannan lokaci masaƙar Maharazu a bushe take. Irin shuka dai ya samu, amma ba shi da abin ɗorawa, sai ya zauna a zaure yana gyaran abin da bai lalace ba. Da ya ga zaren a shanye a igiya, ya shigo yana murmushi, ya miƙa hannu kamar yadda ya saba.

Barakatu ta riga shi ɗauka.

"Malam, wannan ba na gonarka ba ne. Naka yana fuloti. Wannan na kala ne, namu ne mu mata."

"To wa zai saƙa muku?"

"Masaƙa sun yi yawa a Gozaki. Amma kai na fara yi wa tayi, don hannunka ya fi. Ka saƙa, mu biya ka ladan aikinka. Zane namu ne, mu za mu yi ciniki da Afusat."

Matan da ke kaɗi a gindin bango suka yi kamar ba su ji ba, amma ba mazarin da ke juyawa. Can ya yi gyaran murya, ya karɓi zaren da hannu biyu.

"Yaushe kuke so a gama?" ya tambaya.