Ƙofar da Magini Ya Toshe

Magini ya ɗaga guduma ya narka wa bangon, amma bulo ko gezau. Da hannunsa ya gina shi bara, kuma bai yi rowar siminti ba.

"Ka bi a hankali, gadonsa a jikin wurin yake," in ji matarsa, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ita ce ta shigo share ɗakin kafin ɗalibai su dawo daga hutu, ta ji nishi ta cikin bango.

Wanda ke nishin Baba Mai Fito ne, maƙwabcinsu. Tun garin bai wuce 'yan rumfuna a bakin kogi ba, shi yake ƙetarar da mutane a kwale-kwale, har da buhunan simintin da aka gina kwaleji da su. Da aka yi gada sana'arsa ta mutu, garin kuwa ya koma cin abinci a aljihun ɗalibai. Mai fili ya yanka ɗakuna, mai ɗakin kaji ma ya kori kajin ya sa katifa.

Magini bai yarda a bar shi a baya ba. Ɗakin Baba yana jingine da gidansa, da ƙofa biyu: ɗaya ta faɗa tsakar gidan Magini, ɗaya ta faɗa lungun da ke gangarawa kogi. Ta farkon ce ta tsone masa ido, don daidai gabanta ɗakin haya ɗaya zai fita.

"Toshe abinka, ɗana," Baba ya ce masa a lokacin. "Ai ina da lungu."

Magini ya sani sarai duk damina kogi yana haɗiye lungun nan. A garin aka haife shi, a lungun ya koyi iyo. Ya dai ce wa ransa kafin ruwa ya zo zai san dabara. Ruwa ya zo, kwaleji ta yi hutu, ya garƙame ɗakunan haya, ya tafi aikin sabon masaukin ɗalibai a kan tudu. Duk sanda matarsa ta ce ba ta jin rediyon Baba, sai ya ce batir ne ya ƙare.

Da bulo ya faɗi, wani warin danshi ya buso. Baba yana kwance ya rame, leɓɓansa sun bushe, ruwan kogi na lasar dokin ƙofarsa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi ramin.

"Gininka akwai ƙarko, ɗana."

"Baba, don Allah ka yafe mini. Me ya hana ka kira mu?"

"Wa zan dama? Zazzaɓi ne kawai. Barci nake ta yi, ban nemi kowa ba."

Maganar ta ɗan sanyaya wa Magini rai, ya kuma ji kunyar yadda ya yi saurin riƙe ta. Ya goya tsohon, ya fito da shi ta ramin, ba nauyin komai. A asibiti likita ya tambayi waye nasa.

"Ni ne," in ji Magini.

"To ina kuka shiga har ya kai haka?"

Magini ya koma ya zauna a gefen gadon Baba. Washegari da la'asar Baba ya cika.

A wurin gaisuwa mutane suka yi ta sa masa albarka. "Allah ya saka, ka fasa ɗakinka don maƙwabci." Yana amsawa da amin, ransa kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matarsa kuwa ta daina haɗa ido da shi.

Da ruwa ya ja baya, ya ɗauki shebur ya shiga ɗakin Baba don kwashe ɓaraguzai. Ya janye gadon, ya durƙusa. A ragowar bangon, daidai inda hannun mai kwance zai kai, siminti ya fashe ƙanana-ƙanana, tabo a kan tabo, faɗin tafin hannu. A ƙasa kuma ga kofin silba a kife, gindinsa ya lotse.