Burtali a Tsakanin Taurari

Ka wuce ta gaban ɗakin nan, kada ka ce ba ka wuce ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar Tsanyawa zuwa Kunci ya ga makarantar 'yan matan da ke gefen hanya, wadda gero ya kewaye har jikin katanga, ya kuma ga ɗakin nan na ƙarshe mai faifan sola a rufinsa. Ka ga ƙofar a garƙame. Ka ce a ranka ba ruwanka, ka mai da ido kan wayarka, mota ta yi gaba.

To, kwamfutoci ne a ciki. Wata ƙungiya ce ta kawo su shekarun baya, aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. Wutar solar kam ba ta yi asara ba, ita ke juya fankar ofishin shugaban makaranta, Malam Sama'ilu, ita ke cajin wayoyin malamai.

Malama Firdausi, mai koyar da lissafi, ba ta daɗe da zuwa ba ta fara damunsa. Ta same shi a ofis, ta tare shi a gindin darbejiya, ta bi shi har inda yake ajiye babur. Da ya gaji, ya zare makullin daga cikin sauran ya miƙa mata.

"Zango ɗaya," in ji shi. "Gwaji ne. In wani abu ya lalace, ke kika sani."

Yaran suna tsoron na'urar kamar za ta cije su. Sai su sa yatsa ɗaya, su danna, su janye da sauri. Firdausi ta ga in ba ta samo abin da zai mantar da su tsoron ba, zangon zai ƙare a banza. Ƙanenta Ja'afar, ɗalibi ne da ke zaune a Rijiyar Zaki can birni, shi ya zo hutu ya sa mata wani wasa na kafa daula a sararin samaniya: ka fara da duniya ɗaya, ka ƙera kumbuna, ka ciyar da jama'arka, ka ƙulla zumunci ko gaba da maƙwabta.

"Amma Yaya, wannan gangar jiki ce kawai," in ji Ja'afar. "Daɗin yana cikin ƙarin sassan da ake saya. In babu su, kwana kaɗan zai gundure ku."

"Mu da ko gangar jikin ba mu taɓa gani ba? Sa mini ka tashi."

Kwamfuta ɗaya ce kawai ta iya ɗaukar wasan, yara kuwa aji guda. Sai Firdausi ta haɗa ta da majigi, taurari suka cika bango, ta ce daular ta kowa ce. Aka naɗa sarkin noma, aka naɗa jakadiya, da mai kula da kumbunan yaƙi, da masu bincike. Ba a danna komai sai majalisa ta yi gardama ta ɗaga hannu. In sarkin daular ya mutu a cikin wasan, mai riƙe da linzamin kwamfuta ta tashi wata ta zauna, ko da kuwa ana tsakiyar yaƙi ne. Akwai makon da suka haramta wa kansu yaƙi gaba ɗaya, suka sha wuya a hannun wani maƙwabci mai faɗin rai, suka yi ta aika masa kyauta suna zaginsa a bayan ido. Akwai lokacin da suka zaɓi duniyar da ta fi kowace tsandauri don su ga ko za su rayu. Taurari duk sun sami sunayen unguwanni, har da wata tauraruwa ja mai zafi da suka sa wa Murhun Inna. Dokar da suka fi ji da ita ita ce ta ƙarshe: in majalisa na zaune, babba ba ya sa baki, ko da Malama ce.

Kafin gero ya kai gwiwa, yaran da ke tsoron danna harafi sun koma faɗa a kan wa zai rubuta saƙon jakadiya, suna lissafin abincin da zai ishi sabuwar duniya a bayan littafinsu ba wanda ya sa su.

Rannan Malam Sama'ilu ya leƙo ta taga. Bai ga lissafin ba. Abin da ya gani shi ne ƙananan hotunan kwaɗon kulle ƙofa a gefen allon, alamar sassan da ba a saya ba.

"Malama, ashe rabin abin ma a kulle yake?"

"Rabin da ke buɗe ya ishe mu, Malam."

"Yau ya ishe ku. Gobe a zo a ce iyaye su saya. Wasa kuma. Wasan ma ba cikakke ba." Ya girgiza kai. "Zan kira Alhaji Ɗan Iya ya gani da idonsa. Abin da ya ce shi za a yi."

Alhaji Ɗan Iya shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, manomi ne mai faɗa a ji, jikarsa Nana Hafsat kuma ita ce sarkin noman daular. Firdausi ta ji sanyi a ranta da ta tuna wannan. Kaka zai ga jikarsa tana mulki, me ya rage?

Ya zo ranar Laraba bayan azahar, da ƙurar gona a ƙafarsa, aka sa masa kujera a gaba. Ya kalli Nana Hafsat ya ce, "Amaryata, ke ce sarkin noma? Ke da ko fartanya ba ki iya riƙewa?"

"Tsoho, gonata ta fi taka. Tawa duniya ce sukutum."

Aka yi dariya, har Malam Sama'ilu ya murmusa. Firdausi ta kunna majigi, tana addu'a Allah ya sa yau ranar ƙera kumbo ce ko binciken sabon tauraro.

Ba ita ba ce. Maganar da majalisa ta tsaya a kai makon jiya ita ta fito a bango, Firdausi kuma ta manta da ita sarai. A cikin wasan akwai wasu mutane marasa duniya, a kumbunansu suke rayuwa, suna ratsawa lokaci lokaci su wuce. Tun farko yaran suka bar musu hanya ta tsakiyar daular, taurari a jere ba wanda ya gina komai a kansu. Ba wasan ne ya ce su yi haka ba. Su suka ga ya dace, suka sa wa hanyar suna burtali, kamar wanda ake bari tsakanin gonaki don shanu su wuce. Yanzu jama'a ta yi yawa, abinci ya fara gazawa, ga kuma wata duniya mai dausayi a bakin burtalin. In aka gina a kanta, hanyar ta toshe.

Firdausi ta saci kallon Alhaji Ɗan Iya. Ba wanda bai sani ba a garin nan cewa burtalin gabas, wanda shanu ke bi zuwa tafki, Alhaji Ɗan Iya ya yi shekaru yana cinsa da garma, bana kaɗan baɗi kaɗan, har ya zama sai akuya ke iya ratsawa. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Nana Hafsat ta miƙe, ta gyara hijabi. "Ni dai a gina. Ɗan gefe ne kawai za mu ɗauka. Bana ma ai ba su bi ta nan ba. Ƙasa tana kwance, mutane na jin yunwa, don wasu masu wucewa? In sun zo su zagaya, ƙafa gare su."

Ba ta kalli kakanta ba, don ba ta san tana maimaita komai ba. Maganar da take ji a zaure ce tun tana ƙarama, har da yadda yake karkata kai in ya zo kan "su zagaya".

Barira, jakadiya, ta riga ta miƙe. Shanun ubanta ne yanzu ke bin gefen kwalta zuwa ruwa, tun da burtalin gabas ya ƙuntata. "Su zagaya ta ina, Hafsat? Kowa ya shuka. Ke ki ɗauki gefe, ta bayanki ta ɗauki gefe. Ranar da suka zo ba hanya, ta cikin gonarki za su bi, sannan ki ce su ne masu laifi."

"Ai sai mu kore su, muna da kumbunan yaƙi."

"Kin ci hanyarsu, kuma ki yaƙe su?"

Malam Sama'ilu ya yi tari. Ya kalli Firdausi, ya nuna mata makunnin wuta da haɓarsa. Ya sake nunawa. Alhaji Ɗan Iya bai motsa ba, carbinsa ne kawai ya tsaya a hannunsa.

Taku kaɗan ne tsakaninta da makunnin. Ta san in ta kashe, ta ce batir ne ya yi sanyi, za a yi dariya a watse, makulli ya kwana a jakarta. Ta kuma san abin da za ta koya wa yaran da hannunta: cewa majalisa tana zama ne har zuwa lokacin da maganarta ta taɓa babban mutum. Wannan darasin kuwa ba sai an haɗa majigi ba, garin yana koyar da shi kyauta. Haushi ya taso mata, na shugaban, na Alhaji, na kanta da ta manta. Ta harɗe hannuwa a ƙirji ta tsaya inda take.

Aka ɗaga hannu. Masu cewa a bar burtali suka yi rinjaye. Nana Hafsat ta turo baki ta zauna, ta ce to sai a rage wa kowa abinci, kada wadda ta yi mata ƙorafi.

Alhaji Ɗan Iya ya tashi a hankali ya kaɗe rigarsa. "Madalla. Yara sun iya magana." Ya juya wajen shugaban. "Malam, ka ce wasan ba cikakke ba ne ko?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Rabinsa a kulle yake."

"To a rufe ɗakin tukuna, har a samo cikakken. Bai kamata a riƙa ba 'ya'yan mutane rabin abu ba."

"Alhaji," in ji Firdausi, "abin da ka gani yanzu ba ya cikin sassan da ake sayarwa. Su suka yi shi da kansu."

"Na gani, Malama," ya ce. "Na gani sarai."

Malam Sama'ilu ya miƙo tafin hannu. Yara na kallo. Ta ciro makullin ta ɗora masa, ta ce a rubuta cewa za ta kai maganar taron iyaye na ƙarshen zango. Ya ce ai ba komai, ta kai, da murmushin wanda ya san su wa ke zuwa taron: shi, da Alhaji, da wasu tsofaffi da ke gyangyaɗi har a shafa fatiha. Nana Hafsat ta bi kakanta waje tana tambayarsa me suka yi, shi kuwa ya kama hanyar gida yana jan carbinsa.

Tun ranar Firdausi take bin gidaje bayan la'asar, tana sallama, ana ba ta ruwa, ana ce mata Allah ya kyauta, in an samu dama za a zo.

Kai ma an taɓa aiko maka da sanarwar irin wannan taron, ka ce kana da uzuri. Wannan karon ka ajiye uzurin. Ka je, ka zauna a gaba inda za a gan ka, in an zo kan maganar ɗakin ka miƙe tsaye ka ce a buɗe wa yaran nan, kuma kada ka zauna sai an ba ka amsa.