Hoton Iya a Garin Alhaji Zalɓe

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wani gari inda ruwa ke tsatsowa daga ƙasa yana zuba a sama. Kowa ya kifa lemarsa yana kare ƙafafunsa. Kyamarata na rataye a wuyana kamar kullum in zan fita aiki, don haka ban ga abin mamaki ba.

A bakin kasuwa wani zalɓe cikin babbar riga ya tare ni, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Aka raɗa mini cewa shi ne Alhaji Gambo Zalɓe, mai ɗaukar hoton da ya fi kowa suna a ƙasar.

Ya ce, "Baƙo, idon kyamararka da sauri yake ƙiftawa ko a hankali?"

Na ce, "Ya danganta da abin da zan ɗauka, ranka ya daɗe."

Ya ce, "A nan ba ya danganta."

Ya saita tasa kyamarar a kan wata mai kunu tana zubawa daga ludayi, ya danna, ƙyat! Kunun ya tsaya a iska. Matar ta ƙame, bakinta a buɗe a tsakiyar kiran ciniki.

Na ce, "Yaushe za ta motsa?"

Ya ce, "Ba za ta motsa ba. Amma dubi yadda kunun ya fito."

Sai ga mu a babban titi. Wannan karon ya bar idon kyamarar a buɗe, ya yi hamma, ya gyara hula. Masu tafiya suka fara narkewa kamar shuni a ruwa. Masu babur suka zama dogayen zare, sannan suka ɓace. Aka bar bango da wani jaki mai barci.

Ya ce, "Da irin wannan na yi suna. Babu mai ƙorafi."

Muka sha kwana, sai ga tsakar gidanmu a cikin rumfar masu tumatir. Iya, mahaifiyata da ta rasu tun ina saurayi, tana zaune a kan tabarma tana tankaɗen gari. Na ɗauki fuskokin rabin mutanen unguwarmu, amma ba mu da hotonta ko ɗaya. Duk sanda na ɗaga kyamara sai ta ce aiki take yi.

Ta ce, "Sabitu, ka zo? Miƙo mini faifan nan."

Alhaji Zalɓe ya ce, "Dannawa ɗaya aka ba ka. In ka yi sauri, fuskar taka ce har abada, sai dai ba za ta sake magana ba. In ka yi a hankali, za ta yi ta magana har ta narke."

Na durƙusa na ce, "Iya, don Allah ki tsaya cik na ɗan lokaci."

Ta ce, "In tsaya? Kai za ka yi tuwon?"

Na sa ido a kyamara. Ga tsagen da ke kumatunta, ga gari a girarta, duk abin da na fara mantawa. Yatsana na kan maɓallin.

Ta ce, "Wannan abin ne ya ramar da kai haka?"

Na sauke kyamarar, na ɗauki faifan na riƙe mata. Garin da take tankaɗewa yana tashi sama, ni ina taro shi.

Alhaji Zalɓe ya sauya ƙafa ya ce, "Wannan ba sana'a ba ce." Ya tattara rigarsa ya tashi.

Iya ta ci gaba da yi mini faɗa a kan rashin cin abinci, ni kuwa ina ta kallonta, ban yarda na ƙifta ba. Ta ɗago ta ce, "Matso, akwai abin da ban faɗa maka ba."

Na matsa, na kai kunnena. Sai maƙwabciyarmu ta tayar da injin markaɗe, na farka.