Rijiyar da Ke Wajen Katanga

Mijina Shu'aibu, wallahi ko kaza ce ke tona sai ya tsaya ya ga abin da za ta fito da shi. To ranar da masu awon ƙasa suka shigo unguwarmu ta Jambutu da turakunsu, wa zai riƙe shi? Ya bar keken ɗinki, ya je ya kama musu bakin igiyar awo.

"Mushe Antoine, me ake aunawa?" ya tambayi babbansu, don a nan mushe ake ce wa ma'aikaci, malam ke nan da Faransanci.

"Hanya, Malam. Amfanin jama'a."

Kalmar ta yi wa Shu'aibu daɗi, har gida ya zo da ita. Na ce, "Maigida, bara ma da kalmar nan aka ci shagon Clémentine mai ƙosai, har yau ba mu ga kwalta ba." Ya ce ni dai ba na son ci gaba.

Muna da rijiya. Mahaifinsa ne ya haƙa ta, da ya zo ginin katanga kuma sai ya ja da baya, ya bar ta a waje don kowa ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Sadaka ce. Shekara arba'in Bahaushe da Bafulatani da mutanen dutse suna jan guga ɗaya.

Da igiya ta iso wurin, Antoine ya ce, "Wannan ta wa ce?"

Shu'aibu ya buɗe baki da alfahari: "Ta kowa ce!"

Antoine ya rubuta. Kai, da na san abin da ya rubuta, da na fasa masa tulu a ka.

Bayan damina takarda ta zo daga ofishin meri, wato magajin gari. An faɗaɗa doka, yanzu duk abin da zai kawo wa birnin Garwa kuɗin shiga amfanin jama'a ne. Filin rijiya ba mai shi, da shaidar maƙwabci, an ba wani mai wankin motoci. Shu'aibu ya yi sintirin ofis har takalminsa ya tsinke. Ko'ina sai a nuna masa maganarsa.

Ran da aka gama kewaye rijiyar da shingen kwano, na fito da bokiti, raina a ɓace. Na tarar da shi yana zagaya shingen, yana leƙe kamar yadda ya saba. Ya yi wa mai gadi sallama.

"Don Allah ɗan'uwa, tambaya ce da ni. Ta wace ƙofa jama'ar za su shiga?"

Mai gadi ya dubi bokitina, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ƙofa ɗaya ce, ta motoci."