Ranar da Hawwa'u Ta Fito da Ɗanta Daga Rumbu

Hawwa'u mutuniyar Barkiya ce, a ƙasar Kurfi. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu shida, gona ɗaya, da ɗa ɗaya, Sabitu. Tun daga nan ba ta fashin kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. Takan shigo motar farko da nono da man shanu, ta sauke ƙorenta a gefen rumfar wata mai tuyar ƙosai kusa da tasha, ana ce da ita Felicia.

Felicia Kirista ce daga kudancin Zariya. Ta biyo mijinta Enoch, kafinta, wanda ya zo garin bayan yaƙin basasa yana yi wa makarantu benci, daga baya ya samu aiki wajen ginin madatsar ruwa ta Zobe. Shekara tara matan nan biyu suna zama inuwa ɗaya. In azahar ta yi Felicia ke tsare ƙore, Hawwa'u ta zagaya baya ta yi salla. 'Ya'yansu ma, Sabitu da Kefas, a gareji ɗaya suka koyi gyaran mota, tare kuma suka tafi Kano neman aiki.

A Kanon ne Sabitu ya canza. Ya faɗa hannun mutanen da ake kira 'yan tatsine, masu cewa duk wanda ba ya cikinsu kafiri ne, ko da yana salla. Da ya zo gida da babbar salla ya ƙi cin tuwon uwarsa, ya fasa rediyon baffansa Ilu da taɓarya, ya ƙi bin limamin gari. Kwana biyu ya yi ya koma.

Bayan haka da wata guda Kefas ya zo ganin gida. Hawwa'u ta ishe shi a rumfar uwarsa, ta ja shi gefe.

"Ɗana, abokinka ya ɓace mini. Ba ya jin ta kowa, amma kai yana jin taka. Don Allah ka je inda yake ka ciro mini shi."

Kefas ya ce, "To, Inna. Da yardar Allah tare za mu taho Kirsimeti."

Mako guda kafin Kirsimetin Kano ta kama da wuta. Wannan a ƙarshen 1980 ne. 'Yan tatsine suka fito da wuƙaƙe da kibau suna kashe duk wanda suka tarar, aka yi kwana da kwanaki ana yi, sai da soja suka shiga. Direbobin da ke dawowa tasha sun ce gawa ta fi ƙarfin ƙirga. Kirsimeti ya wuce, ba Kefas ba Sabitu.

Wata safiya Hawwa'u ta fita tatsa, sai ta ga mutum a tsugune bayan garke. Sabitu ne. Ya rame kamar kara, hannunsa na hagu a naɗe da tsumma mai wari. Ba ta yi kuka ba. Ta shigar da shi tsohon rumbun da babu hatsi ciki, ta wanke ciwon da ruwan zafi da gishiri, ta dama masa fura. Ilu kaɗai ta gaya wa, domin 'yan sanda na bin ƙauyuka suna neman waɗanda suka tsero.

Sai a rana ta uku ta iya tambayarsa.

"Ina ɗan mutane?"

Sabitu ya juya fuska ga bango. Ya ce ranar da aka fara faɗan, da safe, Kefas ya zo unguwarsu da kayan aikinsa a jiki, yana tambayar inda zai gan shi. Masu gadi suka riƙe shi, suka kira Sabitu, suka ce ko ya san wannan. A wurinsu duk wanda aka gano yana da aboki a waje munafuki ne, hukuncinsa yanka.

"Na ce ban san shi ba, Inna."

"Shi fa, mi ya ce?"

"Ya dube ni. Ya ce musu gaskiya ne, ba wannan Sabitun yake nema ba, ya yi ɓatan kai ne." Sai ya fashe da kuka. "A gabana suka tafi da shi bayan katanga. Na ga gawarsa daga baya."

Hawwa'u ta fito daga rumbun ta zauna a kan turmi har rana ta take, shanu na kuka ba ta ji ba.

Laraba ta zo, ta tafi kasuwa, don in ba ta je ba za a yi tambaya. Felicia ta taso ta taya ta sauke kaya, ta rame, amma idonta da haske.

"Maman Sabitu, kin ji wani labari? Baban Kefas ya sake komawa Kano jiya. An ce akwai waɗanda aka kwantar a asibiti ba a san sunansu ba, akwai kuma waɗanda soja suka kwashe bisa kuskure. Jikina yana ba ni yaran nan suna tare. Kullum in na yi wa Kefas addu'a sai na sa Sabitu."

Hawwa'u ta ce, "Allah ya sa mu ji alheri." Wunin nan ta auna wa mutane nono ba ta san me take aunawa ba. Da la'asar Felicia ta ƙulla mata ƙosai a takarda, ta ce ta daure ta riƙa cin abinci.

Da ta koma gida ta ishe Ilu yana jiranta. Ya ce ya gama shiri. Akwai wani mai kai shanu Jibiya, zai tsallaka da Sabitu Maraɗi, ya zauna wurin dangi har magana ta mutu.

"Ba inda za shi sai Dutsin-Ma," in ji Hawwa'u. "Gobe zan kai shi gaban iyayen Kefas, ya faɗa musu da bakinsa. Daga can mu wuce wurin 'yan sanda."

Ilu ya miƙe tsaye. "Kin san abin da kike faɗi? Ɗa ɗaya gare ki! Wanda ya mutu ya riga ya mutu. Kuma saboda wa? Saboda mutanen da ko alƙibla ba mu haɗa ba?"

"Ɗansu bai tambayi alƙibla ba da na aike shi. Ni na aike shi, Ilu. Uwarsa na can tana yi wa ɗana addu'a, ubansa na bin gawawwaki a Kano yana buɗe fuskokinsu, ni kuma ina cin ƙosanta."

"Ashe ba ki son yaron nan."

"Sati guda ina kallonsa. Ba ya barci, ba ya iya haɗa ido da ni, in ya ta da kabbara sai ya kasa ƙarasa Fatiha. In ka kai shi Maraɗi haka zai je, haka zai tsufa. Ni ba gangar jikinsa kawai na haifa ba. In an kashe shi a kan gaskiya na san inda zan nemi ɗana ranar gobe. In ya gudu, ban sani ba."

Ilu ya ce daga yau ba ruwansa da ita, ya fita.

Da gari ya waye ta tsaya a bakin rumbun. Kamar kowace uwa a danginsu, ba ta taɓa kiran ɗan farinta da sunansa ba, sai dai ta ce "kai" ko "wancan". Ran nan ta kira.

"Sabitu. Fito."

Ya ji komai jiya ta cikin rumbun. Ya daɗe bai motsa ba. Sa'an nan ya fito yana kare ido daga rana, ya ce, "In suka kashe ni fa, Inna?"

"Ina tsaye kusa da kai."

Ta ba shi rigar ubansa ya sa. Ba su bi ta bayan gari ba, ta tsakiya suka ratsa, mutane na leƙe, har bakin hanya inda suka samu mota.

Gidan Enoch ɗaki biyu ne na haya a bayan tasha. Ya dawo daga Kano da asuba, yana zaune a kan benci ko takalmi bai cire ba. Da Felicia ta ga Sabitu sai ta yi guɗa ta taho da gudu, tana leƙen bayansa.

"Ina ɗan'uwanka? Yana mota?"

Hawwa'u ta durƙusa a ƙasa, Sabitu ma ya durƙusa. Ya faɗi komai, bai rage ba, har da abin da ya ce da abin da Kefas ya ce. Felicia ta saurara tana tsaye, sa'an nan ta zube ƙasa. Kukan da ta yi ya tara unguwa.

Da ta ɗan samu numfashi ta dubi Hawwa'u. "Jiya da kika zauna kusa da ni, kin sani?"

"Na sani."

"Kuma ke kika aike shi."

"Ni ce, Maman Kefas."

"Tashi ki bar mini gida."

Kafin su tashi ƙofa ta cika. Samarin cocin su Enoch sun ji, wasu riƙe da itace, suna cewa a miƙo musu shi. Can gefe kuma 'yan tasha sun fara taruwa, an ce musu Kiristoci za su kashe Musulmi. Hawwa'u ta sha gaban ɗanta.

Enoch ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa. Hawaye na bin gemunsa.

"Ku ajiye itacen nan. Ɗana ya yi ƙarya don kada a yanka yaron nan. Ƙarya ta ƙarshe a bakinsa ke nan. Ku kuma kuna so ku ƙarasa abin da ya hana? Wanda zai taɓa shi ya fara da ni." Ya ɗaga murya ya ce da 'yan tasha, "Ku ma ku koma bakin aikinku. Matar nan da ƙafarta ta kawo shi, ba wanda ya sa ta."

Ya kama hannun Sabitu mai lafiyar, Hawwa'u ta bi ta ɗaya gefen, suka ratsa taron har ofishin 'yan sanda. Bayan kwana biyu aka wuce da Sabitu Kano.

Ranar da aka yi wa Kefas addu'a a coci, ba gawa, Hawwa'u ta je. Ba ta shiga ba, ba kuma wanda ya ce ta shiga. Ta zauna a gindin darbejiya a waje har aka tashi. A Barkiya aka yi ta magana, wasu suka ce ta sayar da ɗanta, wasu suka ce saura kaɗan ta bar addini. Limamin gari ne ya tsawatar bayan sallar Juma'a, ya ce abin da ta yi shi ne abin da littafin Allah ya ce, su ne ba su iya ba. Duk da haka mata da yawa suka daina shiga gidanta.

Kowace Laraba takan je bakin rumfar ta yi sallama. Felicia ba ta amsawa. Sai ta matsa can gefen rana ta sauke kayanta. Haka har wata biyar, ba ta fasa sallamar ba ko sau ɗaya.

Da ruwan farko ya sauka zazzaɓi ya kwantar da ita, ta yi Laraba biyu ba ta je ba. Gonarta na nan ba huɗa, don Ilu ne mai garma. Ranar Asabar da hantsi ta ji sallama a tsakar gida. Felicia ce, da ƙullin magani a hannu. Ta shigo ta taɓa goshinta, ta hura wuta ta ɗora ruwa, duk ba magana. Sai da Hawwa'u ta haɗiye maganin sa'an nan ta zauna a bakin gado.

"Kada ki ɗauka na yafe masa. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon, bai ba ni ba tukuna."

"Ban zo neman wannan ba tun farko."

"Na sani." Felicia ta share ido da bakin zane. "A cocinmu akwai wata daga Kano, har yau tana jiran mijinta. Ko tari aka yi a ƙofa sai ta tashi. Ni na san inda nawa ya tsaya, na kuma san abin da ya faɗa. Ke kika ba ni wannan, da ɗanki kika biya." Ta nuna waje da hannu. "Baban Kefas yana gonarki, shi da mutum biyu. An ce ba wanda ya huɗe miki."

Kafinta da abokansa ba su saba da ƙasar Barkiya ba, kunyoyinsu sai karkacewa suke. Ilu ya tsaya daga gonarsa yana kallo har ya gaji. Wajen azahar ya koro shanun huɗarsa, ya ce da Enoch, "Malam, matsa, wannan ba katako ba ne." Enoch ya ba shi wuri, ya koma bin bayansa da iri.

Sabitu ya yi kusan shekara biyu a tsare kafin a sake shi. Ya dawo ba ya yawan magana, ya kama noma, yana salla a sahun baya. Enoch yakan amsa gaisuwarsa. Felicia kuwa sai da aka yi shekara huɗu, ranar sunan 'yar Sabitu ta fari, ta zo Barkiya da turmin atamfa. Ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ɗaga kai ta ce da shi, "Sabitu, ina gajiya?"

Ya durƙusa ya ce, "Ba gajiya, Mama."